ILMIN GARGAJIYA DA ABINCIN TALAKA: ABIN DA KE SALWANTA A ƘASAR GUBI

Duk wanda ya murɗa famfo a birnin Bauci ya ga ruwa ya zubo, to, galibi daga Gubi ruwan nan ya taso. Haka kuma idan aka ambaci Gubi a gaban 'yan makaranta, ba abin da zai faɗo musu a rai sai mazaunin dindindin na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke kan hanyar Ningi. Amma kaɗan ne daga cikin masu shan ruwan da masu karatun suka san cewa tun kafin a datse kogi, tun kafin a aza harsashin jami'a, Gubi sunan gari ne, sunan jama'a ne, kuma sunan harshe ne.

Mutanen da ke zaune a ƙauyukan da ke arewa da birnin Bauci manoma ne, da makiyaya, da masu ɗan abin da daji ke bayarwa. Abin da suke ci da abin da suke sayarwa duk sun rataya ne a kan wani irin sani wanda ba a makaranta aka koya musu shi ba. Sani ne na lokacin shuka, da halin ƙasa, da amfanin kowace itaciya, da yadda ake adana hatsi ya kai wata kaka. Wannan sani ba a littafi yake ba, a bakin dattawa yake, kuma a cikin sunaye yake zaune. Yau harshen da ya riƙe wani sashe nasa yana gab da ɓacewa, dajin da ake koyonsa a ciki yana raguwa, samarin da za su gada sun fuskanci birni. Asarar da ke tafe ba ta al'ada kaɗai ba ce, asara ce da za ta taɓa tukunyar tuwo.

SU WANE NE GUBAWA?

Masana harsuna suna kiran harshen Gubawa da sunan Shiki, sun kuma ce yana da kare-kare biyu, watau na Gubi da na Guru, garuruwa biyu da ke arewa da Bauci. Sun sanya shi cikin dangin harsunan Jarawa, tare da harshen Bankalawa, da na Dugurawa, da na Jakawa, da Dulbu, har zuwa Mbula a Jihar Adamawa da Kulung a Jihar Taraba. Abin mamaki game da wannan dangi shi ne, ko da yake harsunan da ke kewaye da su 'yan uwan Hausa ne, su kalmominsu sun fi kama da na harsunan Bantu da ake yi daga Kamaru har zuwa kudancin Afirka. Wani masani mutumin Japan, Kiyoshi Shimizu, ya zaga ƙasar Bauci cikin shekarun 1970 yana tattara kalmomin ƙananan harsuna, kuma rubuce-rubucensa suna cikin 'yan abubuwan da ake dogara da su har yau a kan waɗannan harsuna.

Ƙasar Bauci tana cikin sassan Nijeriya da suka fi yawan harsuna. Shi kansa Malam Yakubu, almajirin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo wanda ya kafa birnin Bauci a 1809, Bagere ne. A Ƙaramar Hukumar Ganjuwa kaɗai akwai Gerawa, da Denawa, da Miyawa, da Kariyawa, ban da Fulani da Hausawa. Tun daga ƙarni na 19 Hausa ta zama harshen kasuwa, da na fada, da na makarantar allo, sa'an nan ta zama harshen rediyo da na tashar mota. Ba wanda ya sa wa kowa wuƙa a wuya, amma sannu a hankali iyaye suka daina yi wa 'ya'yansu magana da harshen gida.

Inda wannan hanya take ɓullewa sananne ne, domin an riga an gani. Harshen Ajawa ya mutu tsakanin 1920 da 1940. Harshen Butawa da Ningawa na ƙasar Ningi ya bi sahu. Harshen Bure a ƙasar Kirfi ya rage a bakin tsofaffi 'yan ƙalilan. Harshen Gubawa ma an lasafta shi cikin waɗanda ke bakin gaɓa. To, mai karatu yana iya cewa ai ba komi, tun da Hausa ta wadatar. Gaskiya ne Hausa tana da tarin sunayen itatuwa da ciyayi, har wani likita Bature, Dokta J. M. Dalziel, ya cika littafi guda da su a 1916. Amma kowace jama'a tana da sunayen da ta raɗa wa duwatsunta, da ƙoramunta, da irin dawarta, da ciyayin da ba sa fitowa sai a gindin dutsenta. Idan sunan tsiro ya ɓace, sai ya koma ciyawa kawai, kuma ba mai tambayar amfanin abin da bai san sunansa ba.

KARATUN SAMA DA ƘASA

Babbar shawarar da manomi yake yankewa a shekara ita ce ta ranar shuka. Daminar ƙasar Bauci takan faɗi ne daga watan Mayu zuwa ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba, amma ruwan farko mayaudari ne. Wanda ya yi gaggawa, rana ta ƙone masa tsiro, ya yi asarar iri. Wanda ya yi nawa, ruwa ya ɗauke kafin dawarsa ta nuna.

Saboda haka manoman wannan yanki, kamar sauran 'yan uwansu na Arewa, ba sa dogara da alama guda. Suna duban isowar shamuwa, wadda takan zo ta yi sheƙa a itatuwan gari gab da faɗuwar damina, shi ya sa ba a jifanta. Suna lura da juyawar iska daga gabas zuwa kudu maso yamma, da zufar dare, da sabon tohon tsamiya, da lokacin da gawo ya fara kakkaɓe ganyensa. Bayan an yi ruwa kuma, sai a tona ƙasa da hannu ko da sungumi a ga zurfin laima. In ba ta kai yadda ake so ba, sai a haƙura a jira na gaba.

Akwai kuma lissafin taurari, wanda ya zo ta hannun malamai ya zauna daram a bakin manoma. Taurari 28 ne, kowane lokaci na shekara yana da bakwai, kowane tauraro yana yin kwana 13, ban da guda mai kwana 14, jimla kwana 365. Na damina su ne Haƙ'a, da Han'a, da Zira'a, da Nasara, da Ɗarfa, da Jabha, da Harsan. Da wannan lissafi dattijo yake sanin ko shukar da aka makara da ita tana da sauran lokacin nuna, ko kuwa gara a bar dawa a sa wake.

Ƙasa ma karanta ta ake yi. Manomi ya bambance jigawa mai sauƙin noma wadda ta dace da gero da gyaɗa, da laka mai riƙe ruwa wadda ta dace da dawa da shinkafa, da jangargari, da tsakuwa, da faƙo wanda ba ya shan ruwa, da fadama wadda ita ce gonar rani. Ciyawa kuwa ita ce mai ba da labari. Inda gamba ta yi tsawo ta yi duhu, ƙasar ta huta. Inda ƙuduji, watau wuta-wuta, ya yi furen nan nasa mai ban sha'awa a tsakanin dawa, to, gona ta gaji, tana neman taki ko hutu ko a juya mata shuka. Wannan awon ƙasa ne ba da kwalba ba, ba da ko kwabo ba.

GONA GUDA, AMFANI BIYAR

Baƙon da ya leƙa gonar gargajiya yana iya ɗauka cewa hargitsi ne: ga gero, ga dawa, ga wake yana yaɗo a ƙarƙashi, ga gyaɗa ko gujiya a tsakani, ga yakuwa da rama da kuɓewa a gefe. Shekaru da dama malaman gona suna yi wa manoma gargaɗi su bar wannan gauraye su riƙa shuka abu ɗaya a gona ɗaya, kamar yadda ake yi a Turai.

Amma a ƙarshen shekarun 1960 wani masanin tattalin arzikin noma, David Norman, tare da abokan aikinsa na Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, suka zauna a waɗansu ƙauyuka na ƙasashen Zariya da Sakkwato da Bauci suna auna aikin manoma da abin da suke girbewa. Sakamakon da Norman ya buga a 1974 ya nuna cewa manomi ne ke da gaskiya. Gonar gauraye ta fi ba da riba a kowace eka, ta fi biyan wahalar da aka sha a lokacin noma sa'ad da hannu ke ƙaranci, kuma amfaninta bai cika hawa da sauka ba daga shekara zuwa shekara.

Dalilin a fili yake ga wanda ya san gona. Gero yakan nuna cikin kamar wata uku, a yanke shi a watan Agusta lokacin da rumbu ya yi ƙasa, ya bar wa dawa fili da haske har zuwa Nuwamba. Wake da gyaɗa suna da ƙulle-ƙulle a saiwarsu masu tara sinadarin nan na nitirojin da ake saye da tsada a buhun yuriya. Yaɗon wake yana rufe ƙasa ya danne ciyawa, harawarsa kuma abincin dabbobi ce da rani, ko kuɗi a kasuwa. In fari ya kashe wannan, wancan ya tsira. Masu iya magana sun ce ba a zuba ƙwai duka a kwando guda, manomi kuwa ya daɗe da sanin haka. Farin 1972 zuwa 1974, da cutar da ta halaka gyaɗa a 1975, da farin 1983 da 1984, duk sun nuna cewa gidan da ke da iri-iri ya fi jure wuya.

Shi ma irin shuka dukiya ce. Akwai farfara da kaura cikin dawa, akwai maiwa da dauro, akwai acca da tamba a wajen duwatsu, kowanne da ƙasar da yake so da tsawon kwanakinsa. Tun a gona ake zaɓen zangarniyar da ta fi kyau, a rataye ta inda hayaƙin murhu ke bugunta don kada ƙwari su taɓa ta. Rumbu kuwa a kan duwatsu ake ɗora shi saboda gara da laima, a zuba hatsi da damminsa ba a sussuke ba, wake kuma a cuɗa shi da toka ko yashi. Irin da aka bari shekara uku ba a shuka ba, ya tafi ke nan, ba kantin da ke sayar da shi.

RUMBUN DA BA SHI DA ƘOFA

Itatuwan da ake gani jefi-jefi a gonakin ƙasar Bauci ba da kansu suka tsira daga gatari ba, zaɓe aka yi aka bar su. Ɗorawa tana nuna da bazara, daidai lokacin da ba komi a gona. Garinta abin sha ne, kalwarta ita ce daddawa, makubarta kuma da ita ake daɓe da shafen bango. Kaɗanya tana zubar da 'ya'ya da farkon damina, yara da manya su sha, mata su tara ƙwallon su fitar da man kaɗe na ci da na shafawa da na sayarwa. Kuka, da tsamiya, da ɗinya, da kanya, da taura, da magarya, kowace da watanta, har ya zamana kusan ba watan da daji ba ya miƙo wani abu. Gawo kuwa shi ne abokin manomi: yana zubar da ganye da damina don kada ya yi wa shuka inuwa, ya yi ganye da rani dabbobi su taru a gindinsa su bar taki.

Cikin watannin Yuli da Agusta, sa'ad da tsohon hatsi ya ƙare sabo bai zo ba, tafasa, da zogale, da rama, da yaɗiya ne suke riƙe gidaje da yawa, a kwaɗanta su da ƙuli-ƙuli. Wannan fanni na mata ne. Su ne suka san ganyen da ake ci da wanda ba a ci, da wanda sai an tafasa an zubar da ruwan fari. Kuɗin daddawa da na man kaɗe su ne jarin mace a ƙauye, da su take yin adashi, da su take yi wa 'yarta kayan ɗaki. Masu amya kuma sun san itacen da zuma ke so da lokacin da ya kamata a ɗebe ta.

Makiyaya ma da nasu. Tun kafin zuwan allurar dabbobi Fulani suna yi wa shanunsu rigakafin ciwon huhu, ta hanyar tsaga fatar karan hanci su cusa ɗan guntun huhun dabbar da cutar ta kama, abin da likitocin dabbobi na Turawa suka tarar suka rubuta. Tsakaninsu da manoma kuma akwai tsohuwar yarjejeniya: bayan girbi shanu su kwana a gona su ci kara su bar taki, burtali kuma a bar shi a buɗe. Inda wannan fahimta ta lalace, rigima ce take maye gurbinta.

ABIN DA MADATSA DA BIRNI SUKA KAWO

Da aka ƙirƙiro Jihar Bauci a 1976, birnin ya cika da ma'aikata, ƙishirwa ta tsananta. Daga ƙarshen shekarun 1970 aka fara aikin tare ruwan kogin Gubi, kimanin kilomita 12 arewa da birnin, har aka sami madatsar da ke iya riƙe ruwa wajen lita miliyan dubu 38. Ita kuwa jami'a an kafa ta a 1980 da sunan Jami'ar Fasaha ta Tarayya, aka haɗe ta da Jami'ar Ahmadu Bello a 1984, sa'an nan ta sake tsayawa da ƙafarta a 1988 da sunan Firayim Minista na farko.

Ba mai hankalin da zai musa alherin waɗannan ayyuka. Birni ya sami ruwa. An sami sana'ar su, ana kama tarwaɗa da karfasa. Noman rani na tumatir da albasa da tattasai ya samu, injin ban ruwa ya maye gurbin jigo. Kusa da jami'a an sami ciniki, da haya, da aikin ƙwadago.

Sai dai kowane ci gaba da kuɗinsa. Fadamar da ruwa ya shanye da filin da aka kewaye sun fita daga hannun manomi da makiyayi. Dokar Mallakar Ƙasa ta 1978 ta tanadi diyyar gini da shuka da itatuwa masu amfani, amma ba ta da ma'aunin da za ta auna kiwo, da itacen girki, da ganyen miya, da saiwar magani, waɗanda talaka yake samu kyauta a dajin da ba na kowa ba. Yayin da gonaki suka matse, sai hutun ƙasa ya ƙare, ƙuduji ya yi yawa, manomi ya koma jiran takin zamani wanda kuɗinsa ya fi ƙarfinsa. Birni kuma yana ta miƙe ƙafa, ana yanka gonaki ana mai da su fuloti.

Mafi muni shi ne cinikin gawayi. Kirya da kaɗanya suna cikin itatuwan da gawayinsu ya fi daraja. Kaɗanya takan yi shekara 15 zuwa 20 kafin ta fara 'ya'ya, amma cikin yini guda ake kayar da ita. A watan Agusta na 2025 Gwamnatin Tarayya ta ba da sanarwar hana fitar da ɗanyen ƙwallon kaɗanya zuwa ƙasashen waje na tsawon wata shida, don a riƙa sarrafa shi a gida. Wannan ya nuna darajar da abin yake da ita a kasuwar duniya. Amma ba masana'antar da za ta matse mai daga buhun gawayi.

DARASI DAGA DUWATSUN HIMALAYA

Abin da ke faruwa a Gubi ba a Gubi kaɗai yake faruwa ba, kuma akwai wata ƙaramar al'umma a can arewa maso gabashin Indiya wadda labarinta ya cancanci a ji shi a nan, domin ita ma tsakanin kogi da madatsa take. Su ne Lefca, waɗanda ke kiran kansu Rong, mutanen asali na ƙasar Sikkim da ke gindin dutsen Kancanjanga, na uku a tsawo a duniya. Sikkim masarauta ce mai cin gashin kanta har zuwa 1975 da ta zama jiha a Indiya.

Lefca sun shahara da sanin daji. Sa'ad da masanin tsirrai na Ingila, Joseph Hooker, ya shiga ƙasarsu a 1848 da 1849, su ne suka yi masa jagora suka tattara masa tsirrai. Suna gina gada da gora da igiyar daji a kan koguna masu gudu. Babban abin sayarwarsu wani ɗan yaji ne mai ƙamshi da ake kira kadamon, ɗan uwan citta mai 'ya'ya, wanda suke nomawa a inuwar wata itaciya mai ƙara wa ƙasa ƙarfi, kwatankwacin aikin gawo a nan. Da cututtuka suka faɗa wa kadamon, gidajen da suka dogara da shi kaɗai sun ji jiki, darasin da manomin gyaɗa na 1975 ba ya bukatar a fassara masa.

Tun zamanin sarakunan ƙasar aka keɓe musu wani yanki mai suna Zongu. Da gwamnati ta shirya gina madatsun wutar lantarki a kogin Tista da rassansa, sai samarin Lefca suka fara yajin ƙin cin abinci a Gangtok, babban birnin jihar, a watan Yuni na 2007, suna karɓa-karɓa har fiye da shekara biyu. A 2008 gwamnati ta soke huɗu daga cikin ayyukan. Sa'an nan a watan Oktoba na 2023 wani tafkin ƙanƙara ya ɓalle a saman dutse, ambaliya ta rushe babbar madatsar Tista ta uku a Cungtang, ta hallaka mutane da dama.

Madatsar Gubi ta ruwan sha ce, ba a kuma kan irin wancan dutse take ba, saboda haka ba a nan kamannin yake ba. Abin lura shi ne yadda Lefca suka iya tsayawa su yi magana da murya guda. Suna da rubutunsu na kansu, harshensu yana cikin harsunan da Jihar Sikkim ta amince da su, ana kuma koyar da shi a makarantu. 'Ya'yansu da suka yi boko ba su ɗauki sanin kakanninsu abin kunya ba. Wanda ya san sunan kowane rafi a ƙasarsa, shi ne yake iya faɗin abin da za a rasa in an taɓa shi.

ABIN DA YA KAMATA A YI

Kada a ɗauka cewa duk abin da aka gada daidai ne. Akwai saiwar da ke warkarwa, akwai mai lahani in an zarce ƙima. Damina ma ta sauya hali, har alamun da aka saba da su sukan saɓa, shi ya sa hasashen da Hukumar Kula da Yanayi ta Nijeriya take fitarwa kowace shekara yake da amfani. Ilmin gargajiya kuwa bai taɓa rufe ƙofa ba. Masara da rogo da gyaɗa daga nahiyar Amurka suka zo, dogon yaro daga Indiya, buhun nan mai ninki uku na adana wake ba tare da magani ba kuwa daga 2007 ya fara bazuwa, kuma duk manomi ya gwada ya karɓa. Abin da ake bukata shi ne a haɗa biyun, a gwada, a riƙe mai kyau.

An ga amfanin haka a ƙasar Maraɗi ta Jumhuriyar Nijar. Daga 1983 aka fara ƙarfafa wa manoma gwiwa su daina tumɓuke kututture, su riƙa barin toho biyu ko uku suna gyara su har su zama itace, abin da suke kira sassaben zamani. An ƙiyasta cewa ta wannan hanya itatuwa sun dawo a fili mai faɗin hekta miliyan 5 a Nijar, ba tare da gandun raino ba. Ba abin da zai hana a yi haka da kaɗanya da ɗorawa da gawo a kewayen madatsar Gubi, wanda kuma zai rage zaizayar ƙasa da ke cika madatsar da yashi. Ke nan mai famfo a birni ma yana da rabo a ciki.

Babbar dama ita ce sashen koyon aikin gona na jami'a a Gubi yake, maƙwabcin waɗannan ƙauyuka. Zai kyautu a riƙa tura ɗalibai su zauna da dattawa maza da mata, su ɗauki muryarsu, su rubuta sunan kowane tsiro da Gubanci da Geranci da Fillanci da Hausa, tare da amfaninsa da sunan wanda ya ba da bayanin, sa'an nan a mai da wa ƙauyen kofe, kada a kulle shi a ɗakin karatu. Haka nan a tattara tsofaffin irin dawa da gero da wake a riƙa sabunta su a gonar gwaji. Shirin Bunƙasa Aikin Gona na Jihar Bauci yana iya horar da malaman gona su fara da tambaya kafin su ba da umurni. Gidajen rediyo su ba ƙananan harsuna fili, hakimai da dagatai kuma su farfaɗo da tsohuwar dokar hana saran itace mai 'ya'ya.

Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe shekarun 2022 zuwa 2032 don raya harsunan asali, kuma an riga an ci wani sashe na wa'adin. Madatsa in ta tsage ana iya kiran injiniya ya gyara, gini in ya rushe ana iya sake shi. Amma dattijuwar da ta san ganye arba'in da sunayensu, ranar da aka kai ta makwanci ba wanda zai sake tambayarta. Da sauran irinsu a Gubi da Guru da ƙauyukan da ke kewaye, kuma tafiyar ba ta da nisa daga birni. Tun ran gini, in ji Hausawa, ran zane.